Farata Huɗu na Hannun Dama

Kafin in shiga labarin, ya wajaba in bayyana abin da na dogara da shi, domin mai karatu ya san inda zai yarda da ni da inda zai yi hattara. Madogarata uku ce. Ta farko fasfona, wanda hatiman cikinsa suka nuna na shiga ƙasar Sifen a ƙarshen 1983, na fita a 1986; hatimin fitar ya goge, ba a iya karanta watan. Ta biyu kaset guda da malamina na kiɗa ya ɗauka, yana kaɗawa yana bayani. Ta uku ƙwaƙwalwata, kuma ita ce mafi rauni, musamman game da kwanakin da na yi kwance ba lafiya, alhali kuwa a kansu labarin ya rataya. Maganganun da aka yi da harshen ƙasar ni na mayar da su Hausa, ma'anarsu na kiyaye, ba lafazinsu ba. Sunan garin da na makarantun na bar su da gangan. Abin da aka gaya mini game da asalin kaɗe-kaɗen ban samu damar tabbatar da shi ba, saboda haka duk inda na ce "an ce", to iyakar sanina ke nan. Ina wannan rubutu a Kura, a ranin 1989.

Mu biyu aka tura daga aikin noman rani na yankinmu, mu koyo yadda manoman can suke rabon ruwa bi da bi. Ni sabon injiniya ne a lokacin, ban daɗe da gama jami'a ba. Na biyun Malam Idi ne, mutumin Bunkure, babban mai kula da ƙofofin kanal, wato magudanar ruwan noma. Ya girme ni sosai, kuma ɗalibin mahaifina ne a karatun littattafai na bayan la'asar. Ina kiransa Baba Idi, shi kuma yana kirana Ɗan Malam. Ranar da ya je sallama, mahaifina ya ce masa, "Idi, ga amana nan." Ba a gabana aka yi ba. Shi Baba Idi ne ya gaya mini, kuma ya sha maimaitawa.

Zango na farko

A babban birnin ƙasar wani mutum ya tarbe mu, riƙe da kwali mai ɗauke da sunayenmu. Yana jin Turanci, yana da fara'a, har ya saya mana shayi. Ya karɓi takardun biyan kuɗin makarantarmu, ya ce zai kammala rajista, ya sa mu a jirgin ƙasa zuwa kudu maso gabas, ya ce akwai mai jiranmu a tasha. Ba mu tarar da kowa ba. Muka zauna a kan akwatunanmu tun hantsi har rana ta karkata, sannan wani mai shara ya raka mu makarantar a ƙafa.

Sunayenmu suna nan, amma ba a biya kome ba. Suka bar mu muka zauna a aji na ɗan lokaci, ana jiran kuɗi daga gida. Sai aka yi canjin gwamnati a Nijeriya, fitar da kuɗi waje ya zama abin da ya zama. Ban sani ba ko mutumin nan mai fara'a ya cinye abin da aka aiko, ko kuwa tun asali ba a aiko ba. Don haka ba zan kira shi ɓarawo a rubuce ba, ko da yake Baba Idi da wannan suna ya riƙa kiransa har a cikin addu'a.

Magatakardan makarantar ya ce mana abu guda wanda ya zama sanadin duk abin da ya biyo baya. Ya ce za a ajiye mana gurbinmu muddin muna cikin ƙasar, duk ranar da aka biya mu dawo mu ƙarasa. In kuwa muka fita, gurbin ya faɗi. Ni na san in na koma Kura hannu rabbana, ba mai sake turo ni. Na ce za mu jira.

Zango na biyu

Jiran ya kai mu gonakin lemo na wani ƙaramin gari. Muka samu aikin tsinka da wata bukkar ajiye kayan noma wadda rufinta yake yoyo. Mai kula da ma'aikata yakan soke mana akwati guda cikin kowane ɗauki, wai lemon ya ƙuje, ba mu da bakin musu. Yara sukan bi mu a titi suna kiran wani suna da suke kiran Larabawa da shi. Sanyin wurin mai laima ne, yana shiga ƙashi ya zauna. Burodi da albasa da tumatir muke ci, kuma Baba Idi bai taɓa cin tumatirinsu ba tare da ya ce na Kura ya fi shi ba.

Abin da ya fi tayar mana da kewar gida shi ne ruwa. Gonakin duk a kan ƙananan kanal suke, kuma in aka ɗage ƙofa da safe sai ruwan ya taho da ƙarar da muka sani. Baba Idi yakan saki almakashinsa ya tsaya.

"Ɗan Malam, saurara. Ka rufe ido ka ce ba a bayan Bunkure kake ba."

"In na rufe ido, Baba, mai kula zai soke mana wani akwatin."

"Ya soke. Ai lemon ubansa ne."

Wata Lahadi aka aike ni in kai lemo wani gida a cikin gari. Ina isa sai na ji ana kaɗa jita a ɗakin ƙasa. Na taɓa riƙe jita a jami'a, wani abokin ɗakina ɗan kudu ya koya mini abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ban bari labarin ya isa gida ba. Amma wannan daban ne. Mutum ɗaya ne yake kaɗawa, ina jin kamar mutum biyu suna hira, ɗaya da babbar murya, ɗaya da siririya. Na tsaya a bakin ƙofa da akwati a kafaɗa.

"Ka shigo ko ka tafi," in ji mai kiɗan. "Ka tare mini haske."

Don Anselmo ke nan, tsoho mai kimanin shekara saba'in, malami a ƙaramar makarantar kiɗa ta garin, suna zaune gida ɗaya da ƙanwarsa, Donya Amparo. Ya miƙo mini jitar. Na kaɗa abin da na iya, ya toshe kunnuwansa.

"Wannan duka ne, ba kiɗa ba. Me ta yi maka?" Ya kamo hannuna na dama ya juya shi. "Wa ya yi wa faratan nan wannan ta'asa?"

Na ce ni ne, kowace Juma'a, haka aka koya mana. Ya ce in ina so in koya, in dawo Lahadi mai zuwa, amma in bar farata huɗu na hannun dama su tsiro, na babban yatsa da na yatsu ukun da ke biye da shi. Na hagu kuwa in yanke su ƙwal, domin su ne ke danne tsirkiya. Ya yi mini bayani cewa irin wannan jita tsirkiyoyinta shida masu laushi ne, kuma ana taɓa su da tsokar yatsa da farce a lokaci guda: tsoka ta ba sautin jiki, farce ya ba shi baki. Ya ba ni guntun samfefa mai laushi, ya nuna mini yadda ake goge bakin farce har ya yi santsi kamar gilashi.

A kwano ɗaya muke cin abinci da Baba Idi, saboda haka bai daɗe bai gani ba.

"Ɗan Malam, da wannan hannun za ka shiga miya? Kamar shaho."

"Na wanke shi, Baba."

"Ban ce ba ka wanke ba. Juma'a nawa ke nan ban ga reza a hannunka ba? Kwana arba'in dai shi ne iyaka, kai ma ka sani, a gabanka aka biya mana."

"Kullum ina gogewa. Gogewa ma ragewa ce."

"Wannan fatawar a wane littafi take? Ko ranar da Malam ya biya ta na tafi buɗe ruwa?"

Ya tura mini ɓangaren da ya fi albasa, ya ce, "Ci. Amma in muka koma, a gaban Malam ka sa hannun a aljihu."

Zango na uku

Don Anselmo yana da doka guda: ba ya bari a kaɗa kiɗa sai an san wanda ya yi shi da halin da yake ciki lokacin da ya yi. Yakan ce wanda bai san wannan ba yatsu kawai yake motsawa. Wannan doka ta dace da halina, kuma ina jin ita ta riƙe ni a ɗakin nan fiye da kiɗan kansa.

A shekararmu ta biyu aka fito da sabuwar dokar baƙi, aka ce duk wanda ba shi da takardar zama zuwa wani wa'adi za a fitar da shi. Takardunmu na ɗalibta sun daɗe da mutuwa. Mai gonar ya yi alkawarin tsaya wa mutum ɗaya, ya zaɓi Baba Idi, domin ya fi ni aiki nesa ba kusa ba. Ni kuwa Don Anselmo ya ce in na ci jarrabawar shiga makarantarsu zan zama ɗalibi, a ba ni takarda. Ban taɓa ganin nassin dokar da idona ba, shi ya faɗa, akawun makarantar ya tabbatar. Ba ƙwarewa ake nema ba, kiɗa uku ne za a kaɗa a gaban alƙalai uku, a faɗi asalin kowanne. In na ci, in zauna in jira kuɗin karatuna. In na faɗi, a sa ni a jirgi.

Na gaya wa Baba Idi yadda ake ciki. Washegari a gona ya ture ni daga kan akwatunan.

"Kai ka riƙe almakashi, ni zan yi dako. Kada ƙusa ta karya mana jari." Ya ciro safar hannunsa ta dama ya jefo mini. Daga ranar har na kwanta ciwo bai bari na ɗauki akwati ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Kiɗa na farko tsoho ne ƙwarai, wata rawa ce mai tafiya a hankali da an ce ana yin ta a fadojin ƙasar ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma ba don jita aka yi shi ba, don wani kayan kiɗa ne da ya gabace ta. Don Anselmo yakan ce in kaɗa shi kamar ina tafiya da babbar riga a gaban manya. Na biyu darasi ne na horar da yatsu, wanda an ce mai shi ya bar ƙasar bayan wani yaƙi, ya tsufa a baƙon gari yana koyar da 'ya'yan masu hali. "Don yara ya rubuta shi," in ji Don Anselmo, "amma ka saurari babbar muryar da ke tafiya a ƙasa. Ba yara yake yi wa magana a can ba."

Na uku shi ne mai wuyar, kuma ba a taɓa buga shi a takarda ba. Malamin Don Anselmo ne ya yi shi, wani mai aski na garin wanda ya daɗe da rasuwa. Babban yatsa yana tafiya a ƙasa sannu a hankali, sauran ukun kuma suna bugun tsirkiya ɗaya a jere da sauri, ɗaya bayan ɗaya, har kunne ya daina jin bugu, ya ji zare guda yana gudana kamar ruwa a kanal. Wannan ba ya yiwuwa sai faratan uku sun zama tsayi ɗaya, santsi ɗaya. In ɗaya ya gaza, sai zaren ya riƙa ɗingishi. Hannun Don Anselmo ya fara rawa a lokacin, kuma yaran da yake koyarwa ba mai haƙurin wannan kiɗa. Ni kaɗai na koye shi har ƙarshe.

Game da asalinsa na ji magana uku. Don Anselmo ya ce bayan yaƙin basasar ƙasar an ɗaure mai askin a wani ɗaki da kanal ya bi ta bayan bangonsa, ba jita a hannunsa, sai ya riƙa sauraren ruwan, yana gane gonar da ake ba wa daga ƙararsa, ya haɗa kiɗan a ransa. Donya Amparo, tana wanke kwanuka, ta ce ƙarya ce ta tsofaffi, tun kafin yaƙin ta ji yana kaɗa shi, kuma don wata mata ya yi shi wadda ta auri mai kantin magani. Wani tsohon manomi kuma da na yi wa fitonsa a gona ya ce ai wannan masu gadin ruwa ke yin fitonsa tun zamanin kakansa, mai aski ado kawai ya yi masa.

Na kai wa Don Anselmo damuwata. Ya ce, "Bayanina za ka faɗa. Ni ne malaminka."

"To in ba shi ne gaskiya ba fa?"

"Ya Ubangiji, ka ba ni ɗalibi ɗaya, shi ma ya zama alƙali! Jarrabawar kiɗa ce, Nasiru, ba shari'a ba."

A cikin wannan sanyin ne saƙo ya iso cewa mahaifiyar Baba Idi tana kwance a Bunkure, tana ta kiran sunansa. Na ce ya je ya miƙa kansa ga hukuma, su za su mayar da shi gida. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In je in ce wa Malam me? In ya ce ina amana, in ce na bar ta a gonar lemo tana kaɗa wa Nasara molo?"

"Ni ba yaro ba ne, Baba."

"Ban ce kai yaro ba ne. Tare muka zo." Ya juya fuskarsa ga bango. Tun daga ranar ya daina kushe tumatirinsu, ya daina tsayawa sauraren ruwa.

Zango na huɗu

Saura 'yan makonni jarrabawa ruwan sama ya dake ni a gona, ciwon haƙarƙari ya kama ni. Abin da zan faɗa game da kwanakin nan yawancinsa daga bakin wasu na ji shi. An ce zazzaɓin ya kai ba na gane mutane. An ce Baba Idi ya ƙi kai ni asibiti don tsoron a tambayi takardata, sai ya je ya buga wa Donya Amparo ƙofa, ba ya jin harshenta, ba ta jin nasa, ya kama gefen mayafinta yana nuna hanya. Ita ta kawo likitan da ya yi mini allura bai tambayi sunana ba. Ita ce kuma ta sayi sabuwar tukunya, wadda naman alade bai taɓa shiga ba, ta riƙa dafo mini romon kaza tana kawowa a ƙafa har bukkar.

Abin da na tuna da kaina shi ne farkawa da hantsi, haske yana shigowa ta ɓular rufi, jikina sharkaf da gumi, kaina wasai. An yi mini aski. An sa mini farar rigata ta Juma'a. Na ɗaga hannu zan share fuska, sai na ji yatsuna sun yi wani irin sauƙi. Na duba. Duka huɗun an yanke su har tsoka, yanka mai kyau, irin na wanda ya iya.

Baba Idi yana zaune a gefen katifar da carbi.

"Alhamdu lillahi. Ɗan Malam, ka gane ni?"

"Baba, ina faratana?"

"Na binne su a gindin lemo, yadda ake yi."

"Wa ya ce ka yanke?"

"Jiya Juma'a. Numfashinka ya koma sama-sama, ƙafafunka sun yi sanyi. Na ga irin wannan a kan mutum uku, ba wanda ya tashi. Na ce ba za a wanke ɗan Malam a ga hannunsa haka ba. Ba za ka tafi da su ba, ni ina zaune."

"Ka san abin da ka yi mini?"

"Na san na yi maka abin da zan so a yi mini."

Ba ni da ƙarfin faɗa. Na juya masa baya na yi kuka, shi kuma ya ci gaba da jan carbinsa, ina jin ƙarar 'ya'yan carbin suna haɗuwa.

Zango na biyar

Da na iya tafiya na je wurin Don Anselmo. Ya daɗe riƙe da hannun yana kallo, sannan ya faɗi wata kalma da ba zan mayar da ita Hausa ba. Ya nemi a ɗage mini jarrabawar, aka ce wa'adin hukuma ba ya jira. Farce kuwa ba ya tsirowa don ana sauri.

Dabarar da ta rage ita ce wadda makaɗa suke yi in farce ya karye: a yanka ɗan farin ƙwallon roba na wasan tebur, a fitar da siffar farce, a manna da gam, a goge. Na ce in an manna ruwan alwala ba zai taɓa farcen ba. Ya ɗaga hannuwansa sama. A ƙarshe muka daidaita a kan zan yi alwala da safe, a manna, in riƙe ta har a gama, sannan a ɓamɓare. Ma'anar wannan ita ce ban taɓa gwada kiɗan da su ba sai a ranar. Zaɓina ne, kuma na san abin da ya jawo.

Zauren yana da sanyi. Alƙalan uku suna bayan dogon tebur, Don Anselmo da ƙanwarsa suna kujerar baya. Baba Idi ya raka ni har ƙofa, ya ƙi shiga, ya zauna a kan matakala.

Kiɗa na farko ya tafi daidai, sai dai sautin ya yi kaifi, kamar ana magana da bakin haƙora. A na biyu na yi tuntuɓe sau ɗaya na wuce. Da aka zo na uku, shugabar alƙalan ta ce in faɗi asalinsa. Na dubi Don Anselmo, ya gyaɗa kai. Na faɗi nasa, na ɗaurin mai aski da ruwan bayan bango. Sannan na ji bakina ya ci gaba, na ce akwai kuma masu cewa kaza, akwai masu cewa kaza, kuma ni ban san wanne ne tabbas ba. Alƙali ɗaya ya yi dariya. Wani dattijo a cikinsu kuwa tun da na ambaci yaƙin da ɗaurin ya haɗe fuska, bai sake dubana ba.

Na fara. Zaren ya miƙe, kuma na rantse na ɗan lokaci na ji ruwan, na ji ƙofar kanal an ɗage ta. A tsakiyar kiɗan, inda muryar ƙasa take saukowa, farcen yatsan tsakiya ya ɓalle. Na ji faɗuwarsa a kan katako. Ban tsaya ba, na kai ƙarshe da biyu masu kaifi da ɗaya bebe, ruwan yana ɗingishi har ya ƙare.

Ba a ɗauke ni ba. Ba su faɗi dalili ba, kuma ba zan ƙirƙira musu ba. Yana yiwuwa farcen ne. Yana yiwuwa maganar yaƙin ce, ko ƙin tsayawa a kan magana ɗaya. Yana yiwuwa kuma ko da faratana na gaskiya ban kai ba, domin jinyar ta cinye mini ƙarfin hannu, kuma shekara biyu ba ta mayar da mai tsinkar lemo makaɗi.

Da na fito, Baba Idi ya dubi fuskata, ya miƙe ya karɓi jitar ya riƙe mini. Bai tambaya ba. Washegari ya je ya gaya wa mai gona ba ya bukatar takardar zaman.

Don Anselmo ya ɗauki kaset ɗin a makon da muke jiran a tafi da mu. A cikinsa ya kaɗa kiɗan mai aski da hannunsa mai rawa, ya tsaya sau da yawa yana sakewa, ana jin Donya Amparo daga nesa tana cewa ƙarya ne. Ya ba ni tsohuwar jitarsa ta biyu. A tasha ya ce, "Ka bar su su tsiro." Ban yi masa alkawari ba.

Zango na ƙarshe

Mun sauka Kano, muka wuce Bunkure kai tsaye. A ƙofar gidan muka tarar da tabarmi a shimfiɗe. Tsohuwar ta rasu muna tsare muna jiran jirgi. Baba Idi ya zauna a cikin masu karɓar gaisuwa da kayan tafiya a jikinsa. Bayan sadakar uku ya kama hannuna, ya kai ni zauren mahaifina, ya durƙusa ya ce, "Malam, ga amanarka." Mahaifina ya sa masa albarka. Hannuna ba a aljihu yake ba, ba abin ɓoyewa.

Na koma aiki a matsayin da na bari. Gurbin karatun ya faɗi kamar yadda magatakarda ya faɗa. Jitar tana ɗakina, tsirkiya biyu sun tsinke, ban samu irinsu a Kano ba. Kowace Juma'a ina yanke faratana. Kaset ɗin ya fara ja, kuma kiɗan mai aski yana zubewa daga yatsuna kaɗan-kaɗan. Na rubuta wa Don Anselmo, ban samu amsa ba, ban san ko yana raye ba.

Ni da Baba Idi mun ci gaba da haɗuwa a bakin kanal, muna gaisawa, muna maganar ruwa da tumatir. Sau da yawa na yi niyyar tambayarsa dalilin yanke faratan, sai in ga ba ranar ba ce. Ya rasu da daminar bara, bayan gajeriyar jinya, ban tambaya ba.

Ga abin da nake da shi. Likita ya gaya wa Donya Amparo cewa a ranar Alhamis, jajibirin yanke faratan, ya cire rai da ni, saboda haka tsoron Baba Idi ba ƙage ba ne. Ya yi mini aski, ya sa mini farar riga, abin da ba a yi wa wanda ake sa ran tashinsa. Kuma mutum ne da bai taɓa yi mini ƙarya ba. A ɗaya gefen, shi ya yi wata da watanni yana dakon akwatunana don kada faratan nan su karye, ya san darajarsu sarai. Ya san in na faɗi gida za a kai ni, shi ma ya bi ni, mahaifiyarsa kuma tana kiransa, ba shi da wata hanyar zuwa wurinta da ba ta saɓa wa amanar ba. Har ila yau, Donya Amparo ta ce a safiyar Juma'ar da ta kawo romo ta ga zazzaɓin ya fara sauka, kuma faratan suna nan. Amma ita ba likita ba ce, kuma ta taɓa rikita mini ranaku.

Na tambayi matarsa ko ya taɓa yi mata zancen. Ta ce sau ɗaya, yana yanke nasa a tsakar gida, ya ce, "Allah Ya yafe mana abin da muka yi da reza." Ta ce ba ta san abin da yake nufi ba, ba ta kuma tambaya ba. Na kai maganar ga mahaifina, ya saurara har ƙarshe, ya ce in yi wa Idi addu'a. Ina yi masa.

Abin da ban sani ba, kuma ban ga wanda ya rage da zai gaya mini ba, shi ne wannan: ranar Juma'ar nan da Baba Idi ya ɗauki reza ya kama hannuna, gawa yake shiryawa, ko kuwa hanyar gida yake buɗe mana?